Ranar da Malam Ya Hana Ni Magani

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tunda masu dukana a kai yanzu ƙarfinsu ya ƙare. Ina ɗan shekara goma sha biyar na taɓa zuba shayi a cikin fitsarina. Ba da yawa ba, cokali uku ne ko huɗu, kuma ban sa sukari ba. Dalili kuwa, jarrabawa za a yi mana ranar Alhamis a kan mutanen Yunan na zamanin da, ni kuma duk abin da na sani game da su bai wuce cewa suna yawo a gari da zanin gado ba. Da gari ya waye na riƙe ciki, na yi ta nishi kamar saniya mai naƙuda, na manna goshina a jikin hita kafin Mama ta shigo. Lissafina shi ne ta ba ni ƙwaya biyu ta wuce aiki. Ban taɓa kawowa za ta miƙo mini wankakkiyar kwalbar zuma ta ce in cika, wurin Malam mai maganin unguwarmu za mu ba. A banɗaki na duba abin da na yi, na ga ya yi kyau da yawa, bai yi kama da na marar lafiya ba. Shi ne na gyara shi.

Abin da ya tuno mini wannan, kwanakin baya na bi ta wani titi a nan Greensboro, ƙasar Turawa, titin da yanzu ake kira Gate City Boulevard, wanda mu muka sani da High Point Road, na nemi gidajenmu na jan bulo da ke bayan wani filin sayar da motoci, sai na tarar da wurin wankin mota. Na tsaya ina kallon ruwa yana gangarawa ta daidai inda tagar Malam take. A da, kafin ka hau matakala warin daddawa ya riga ya yi maka sannu da zuwa. Turmi ake naɗewa da tawul don kada Baturen da ke hawan ƙasa ya buga silin, amma duk da haka kana jin dukansa a tafin ƙafarka kamar bugun zuciyar ginin. Ran Lahadi iyayenmu su kankare katin waya su yi ta ihu da mutanen Maradi, har ka ce ba da waya suke so a ji su ba. Mu yara aikinmu ɗaukar kwandon wanki zuwa ɗakin injunan wanki, da karanta wa manya wasiƙun Turanci, muna rage abin da ya shafe mu. In ka yi tari a hawa na biyu, kafin azahar mata uku sun aiko da citta. Yanzu kowa ya yi gida, wannan yana Summerfield wancan yana Pleasant Garden, tsakaninka da maƙwabcinka sai ka tada mota. Ɗana ya yi zazzaɓi, uwarsa waya take tambaya, wayar kuma kullum amsarta ɗaya ce, ko dai ba komai ko kuma ka kusa tafiya.

Malam tsoho ne ɗan Damagaram, ɗansa ne ya kawo shi, shi kuma ɗan yana aiki biyu, ba a ganinsa sai ran Juma'a. A hawan ƙasa yake zaune, da akwatin ƙarfe cike da littattafai marasa ɗinki, takardunsu sun yi ja kamar an gasa. Ba ya rubutun sha, ba ya turaren aljanu. In ka ce masa iska ce ta taɓa ka, sai ya ce, "Wace iska? Me ka ci jiya?" A wurinsa jikin mutum tukunya ce mai ruwa huɗu, da jini, da majina, da ɗaci mai rawaya, da baƙin ɗaci, kuma lafiya ita ce kada ɗaya ya hau kan 'yan'uwansa. Komai na duniya ya raba shi, ko mai zafi ne ko mai sanyi, ko mai danshi ko busasshe. Har fiza, abincin nan na Turawa, sai da ya yanke mata hukunci, ya ɗanɗana sau ɗaya ya ce zafi ce da danshi, abincin malalata. Ya kan ce wannan ilimi ba na Larabawa ba ne, su ma aro suka yi. Yunanawa ne suka fara cewa ciwo yana da dalili a cikin jiki, a zauna a duba shi. Daga nan aka juya littattafansu zuwa Larabci, suka bi ayari suka ƙetare hamada, suka kwana a Agadas, suka sauka gidan kakansa. "Ni kuma na sako su a jirgi," in ji shi. "Lokotoron asibiti ma jikansu ne. Kakanmu ɗaya da shi, gado ne kawai aka raba." A makaranta malamarmu ta ce an binne maganar ruwa huɗu tun shekaru aru-aru. Na so in gayyace ta gidanmu ta sha ruwan firji bayan ta ci mangwaro, ta ga ko an binne.

Amma akwai abu ɗaya da ya sa ko mu marasa kunya ba ma buga ƙwallo kusa da tagarsa. Ba wanda ke fita ɗakin Malam hannu rabbana. Ko ƙaiƙayi ka kawo sai ya ƙulla maka wani abu a takarda, ko da kanumfari uku ne. Mutum ɗaya aka sani ya fito ba ƙulli, wani direban tasi mai yawan dariya da ya je da ɗan ciwon kai. Malam ya dube shi ya ce ya je ya kira mahaifiyarsa a gida, su yi hira mai tsawo. Bai kai mako ba aka yi masa salla. Tun daga nan kowa ya san ƙa'ida: wanda Malam ya gani a fuskarsa cewa tafiya ta zo, ba ya wahalar da shi da magani. In mutum ya fito daga ɗakin, ba fuskarsa mata ke kallo ta labule ba, hannunsa suke kallo.

Muka shiga da hantsi. Malam ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta saitin taga, ya juya ta a hankali, ya buɗe ya kai hanci, ya rufe. Ya kama wuyan hannuna da yatsu uku masu sanyi, ya shiga tambayar Mama, ba ni ba. Me na ci, yaya barcina, yaushe Baba zai dawo daga tuƙin babbar mota, yaya lakwal, wato makaranta. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ke sa ka tuna laifin da ka yi tun kana goye. Sannan ya saki hannuna ya ajiye nasa a gwiwa. Mama ta jira. Ni ma na jira. Bai waiwayi akwatin ba.

"Malam," in ji Mama, "ba abin da za a jiƙa masa?"

"Babu, Hajiya."

"Ko ɗan na shafawa?"

"Ran bakwai ya dawo. Shi kaɗai."

Da muka fito na ga labule uku sun motsa. Mama ta riƙe hannuna a filin ajiye motoci, abin da rabonta da yi tun ina aji ɗaya, kuma ba ta je aiki ba.

Ranar farko, in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na tsallake Yunanawa, aka yanka mini kaza, aka ba ni rimot. Rana ta biyu aka fara zuwa dubiya. Matan da kullum suke ce mini shaiɗanin yaro suka zauna a bakin gadona suna magana ƙasa-ƙasa, suna cewa ai ni tun ina ƙarami akwai ladabi. Wani dattijo da na taɓa fasa wa gilashin mota ya hau matakala da sandarsa don kawai ya ce ya yafe mini. Ƙanwata ta tsaya a ƙofa ta tambaye ni da Turanci ko za ta iya ɗaukar ɗakina, Mama ta kai mata mari a karo na farko a rayuwarta, sannan ta rungume ta suka yi ta kuka. A nan ya kamata in buɗe baki. Amma ƙarya irin rigar yaro ce, shiga da sauƙi, wurin cirewa kai ke maƙalewa. An riga an kira Baba yana can wata jiha mai nisa, ya ajiye kaya ya juyo. An riga an kira Maradi, kakata ta sa an sauke Alƙur'ani. Wa zai tashi a tsakiyar wannan ya ce shayi ne?

Rana ta uku Mama ta kai ni asibiti. Suka auna, suka ɗebi jini, suka karɓi fitsari na gaskiya, likitar ta yi murmushi ta ce ƙalau nake, wataƙila gajiya ce. Na ɗauka an gama. A mota Mama ta kifa kanta a sitiyari ta ce, "Abin da Malam ya gani, na'ura ba ta kai can ba tukuna." Daga wannan rana abin ya fara shiga ni. Na ce a raina, to in ba shayin ya gani ba fa? In ya tsallake ƙaryata ya hango wani abu a bayanta, wanda ni ma ban sani ba?

Muna da maƙwabciya 'yar Jos, Kirista, muna ce mata Anti, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Na tsare ta a matakala na ce ta gaya mini abin da Malam ke gani a fuskar mutane.

"Kai, rabu da ni. Ba maganar yara ba ce."

"Anti, don Allah. Na makaranta ne."

"Makarantar da ba ka zuwa?" Ta ajiye jakarta ta dube ni. "Malam ya taɓa lissafa mini, kuma wallahi haka muke gani a wurin aiki. Hanci ya yi tsini. Idanu su zurma. Nan gefen, tsakanin ido da kunne, ya lotsa. Kunnuwa su yi sanyi su motse. Fatar goshi ta ɗame kamar ta kalangu. Fuska ta koma kalar toka. Shida ke nan. Wani kuma za ka ga yana ta tsintar zare a bargo, alhali ba zare." Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama. "Ni ban ga komai ba. Amma ni ba Malam ba ce. Mun sa ka a addu'a a coci."

Ban san gidajenmu suna da wata fuska ba sai a wannan mako. Da bas ɗin makaranta ya kwashe yara, manya suka watse wurin aiki, sai wurin ya zama kamar garin da aka gudu aka bari. Ba turmi, ba rediyo. Firji ya yi gurnani ya yi shiru. Injin busar da kaya yana ta juyi a ɗakin wanki da wani maɓalli a ciki, ƙwas, ƙwas, ba kowa a wurin. Lokacin sanyi ne, itatuwa duk sun tuɓe, hankaki na tafiya a kan motoci kamar masu duba lamba. Daga tagata ina hango tagar Malam, kuma tun ranar da muka je labulensa bai sake buɗewa ba. Mutane suka ce ya shiga halwa ne yana roƙa mini sauƙin tafiya. Ni kuma na koma gaban madubin banɗaki. Sau hamsin a rana, ba ƙari. In auna hancina da yatsa, in taɓa kunnuwana, in danna gefen goshina in ga ko zai dawo. Abinci ya daina wucewa, kazar ma ta koma kamar katifa a bakina. Rana ta biyar idanuna suka zurma da gaske. Rana ta shida na kama hannuna yana wasa da bakin bargo, na kwatse shi kamar na wani ne. Baba ya iso da yamma, mutumin da muryarsa ke tada ƙararrawar motoci, ya zauna a gefena yana ta gyara mini filo.

Ran Laraba kwana bakwai suka cika. Mama ta sa mini farar riga, na ce a canza, ta canza. Ta rako ni har filin motoci ta tsaya a cikin sanyi da carbi, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Na yi sallama sau biyu kafin na ji amsa. Ƙofar a buɗe take. Ɗakin da duhu, ba ƙanshin kanumfari, sai wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Malam yana kwance a katifa a ƙasa.

"Mai shayi, ka zo?"

Na zauna a inda nake.

"Shayin ma mai arha," in ji shi, numfashinsa yana yankewa. "Shekara hamsin ina duba kwalba, ba a taɓa kawo mini wanda ya rage madara kawai ba. Kuma da na ce lakwal, jijiyarka ta yi tsalle kamar ɗan akuya."

"To Malam, me ya sa ba ka ba ni magani ba?"

"In ba mai lafiya magani? Abu na farko da aka koya mini, kada in cuci wanda ya zo hannuna. Na biyu, kada in tona asirinsa. In na ba ka, na cuce ka. In na yi magana, na kunyata ka gaban uwarka. Na ce ka dawo kai kaɗai don in ja maka kunne."

"Cewa aka yi mutuwa zan yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Na fita ba ƙulli. Har Maradi an sani."

Ashe tun ran Juma'a Malam yake kwance, ya hana ɗansa gaya wa kowa, bai san abin da ake ciki ba. "Subhanallahi," ya ce. "Na duba jijiyarka, na manta da idon unguwa. Da na ƙulla maka gishiri." Ya yi tari. "Tashi ka ja labulen nan. Zo kusa. Dube ni."

Haske ya faɗo a kansa. Kwana huɗu ina neman abubuwa shida a fuskata, na haddace su fiye da Fatiha, ga kusan dukansu a shimfiɗe a gabana. Yatsunsa kuma suna ta tsintar wani abu a bargo, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, shi bai ma sani ba.

"Ba ni da madubi," in ji shi, "kuma mai magani ba ya ganin fuskar kansa. Ɗana kullum sai ya ce, Baba da sauƙi. Kai ka ga wani abu, na gani a idonka. Faɗi."

"Da sauƙi, Malam."

"Kai, maƙaryacin banza. Sau ɗaya dai a rayuwarka. Fara daga hanci."

Na fara daga hanci. Na faɗi idanu, na faɗi gefen goshi, na faɗi kalar toka. Ya ce in taɓa kunnen, na taɓa, sanyi kamar ƙarfen matakala. Ina faɗa yana gyaɗa kai kamar malamin da ke karɓar hadda, har da gyara mini inda na yi sauri.

"Nawa ke nan?"

"Biyar."

"Wanne ya rage?"

"Goshin bai ɗame ba."

"To, alhamdu lillahi, akwai sauran lokacin sallama. Lambar wurin aikin ɗana tana jikin firji."

"In kira motar asibiti?"

"Kira su. 'Yan'uwa ne, su ma su gwada nasu." Ya kama hannun rigata. "Amma kafin waya, uwarka. Tana ina?"

"Tana waje."

"A wannan sanyin? Kwana bakwai tana binne ɗa mai rai, da hannuna a ciki. Je ka tono mata shi. Ka faɗa da bakinka, har cokali nawa."

Na fita. Mama ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata, ta ga ba komai, carbin ya faɗi. Na ce, "Mama, ƙalau nake. Shayi na zuba." Sai da na faɗa sau uku, da Hausa, da Turanci, da Hausa kuma. Na tsaya ina jiran mari, har na karkata kunci don ya sauka daidai. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta zauna a kan dakalin siminti tsakanin motoci biyu, ta kama ƙafata ta riƙe, ta yi wani kuka marar sauti wanda har yau na fi son a ce duka ta yi mini. Na ce mata Malam ne ba lafiya, sai in je in yi waya. Ta sake ni, ta tashi ta riga ni shiga ɗakin.

Motar asibiti ta zo kafin azahar. Mama ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta yi mini magana ba, abinci ma ƙanwata take ba ta kawo mini. Malam ya rasu ran Asabar a asibiti, ɗansa yana riƙe da hannunsa, aka binne shi a nan Greensboro, a cikin jar ƙasa.